Bakin Kare Amana Ne A Wuyan Mai Shi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci mutum da dabba, Ya hore wa mutum dabba, kana Ya tanadi ranar da zai tambaye shi a kan abin da Ya hore masa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, mas'alar da za mu duba a filinmu na wannan mako mas'ala ce wadda wani zai ji ya yi dariya, wani kuwa ya ji ya tsuke fuska. Likitocin dabbobi suna ba masu karnuka shawara su riƙa duba bakin karnukansu, suna goge musu haƙora a gida, suna kai su a yi musu allura. To, shin ya halatta Musulmi mai salla ya kai hannunsa bakin kare? In ya halatta, akwai lada a ciki, ko kuwa ɓata lokaci ne da kwaikwayon Turawa? In kuma ya ƙi yi, har dabbar ta wahala ko ta cuci wani, akwai alhaki a kansa?

Kada a zaci wannan zance na attajiran birni ne masu karnukan ƙasashen waje. Mu ɗauki ƙasar Kunci misali, can arewacin Jihar Kano, maƙwabciyar Bichi da Tsanyawa, wadda aka sauya wa ƙaramar hukumarta suna zuwa Ghari a shekarar 2024. Ƙasa ce ta manoma, gona na jikin gona, ƙauye na hangen ƙauye, irin su Shuwaki da 'Yandadi da Gwarmai. Dukiyar magidanci a irin wannan wuri ita ce rumbun gero da dawa, da turken awaki da tumaki, da shanun huɗa ga wanda Allah Ya hore wa. Duk waɗannan a waje suke kwana, kuma idan dare ya raba, mai gida ya yi barci, ba su da mai gadi sai Allah sai kare. Idan kaka ta wuce rani ya shigo, mafarauta kan ja karnukansu su nufi daji, wani lokaci tafiya mai nisa, domin gonaki sun cinye dajin kusa. Da kare ake kama zomo da kurege da gafiya, a ci a sayar. Watau dai kare ma'aikaci ne a gidan manomi, kayan aikinsa kuwa bakinsa ne: da shi yake haushi ya kori ɓarawo, da shi yake kamu. Amma idan aka duba ladan wannan ma'aikaci a gidaje da yawa na ƙasar Hausa, sai a tarar bai wuce ƙanzon tukunya da jifa ba. Ran da ya tsufa, ko ya kasa tauna abinci, sai a ce ai kare ne, a bar shi ya ƙarasa a kan juji.

Izini Da Nauyinsa

Farkon abin da ya kamata mu sani shi ne Musulunci bai sake ƙofar riƙon kare ba, bai kuma rufe ta ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito gargaɗin Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, a kan wanda ya ajiye kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko tsaron shuka ba, cewa ladan aikinsa yana raguwa kullum da ƙiraɗi ɗaya, a wata ruwaya ƙiraɗi biyu. Har wa yau ya tabbata a hadisi cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da akwai kare, malamai suka ce mala'ikun rahama ake nufi. Mai Risala, Shaihi Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 ta Hijira, ya kawo waɗannan dalilai uku na izini a ƙarshen littafinsa, ya kuma yi sharaɗin farautar ta zama ta neman abinci, kada ta zama ta wasa. Masu sharhin Risala sun ba da labarin cewa shi kansa Shaihin ya ajiye kare a gidansa sa'ad da katangarsa ta rushe ya ji tsoro, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi hakan, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, da abin da ya fi kare zai ajiye. Da irin wannan ne malamai da yawa suka ƙiyasta gadin gida a kan gadin gona idan bukata ta tabbata.

Saboda haka manomin Kunci da makiyayinta da mafaraucinta mai neman abin sa wa a baka suna cikin waɗanda shari'a ta yi wa izini. Sai dai izini a shari'a ba ya zuwa shi kaɗai, tare da nauyinsa yake zuwa. Ƙa'ida ce a wurin malaman fiƙihu cewa wanda ya ci amfanin abu shi ke ɗaukar ɗawainiyarsa, Bahaushe ma cewa ya yi kowa ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski. A cikin Mukhtasar na Shaihi Khalil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyayar da za ta ci, in kuwa ya ƙi, alƙali ya tilasta masa fitar da ita daga hannunsa. Kare kuwa ba ya kiwo, abin da ka ba shi shi ne rabonsa. Shaihi Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a Masar a shekara ta 660 ta Hijira, ya lissafa haƙƙoƙin dabbobi a kan mutane a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam, ya fara da cewa a ci gaba da ciyar da su ko da sun tsufa ko sun yi ciwon da ba a ƙara amfana da su, kada kuma a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu.

Daɗin daɗawa, ga wata mas'ala a babin taimama wadda ɗalibai kan karanta su wuce. Idan matafiyi yana da ruwa kaɗan, ya ji tsoron in ya yi alwala da shi ƙishirwa za ta halaka wani rai mai alfarma da ke tare da shi, to ya shayar da wannan rai, shi kuwa ya yi taimama. Masu sharhin Mukhtasar sun ambaci karen da aka yi izinin riƙonsa a cikin waɗannan rayuka. Ka duba, ya ɗan'uwa, ruwan alwalar salla ne aka ce a zuba wa karen farauta. Wanda ya fahimci wannan ba zai ƙara cewa wahalar kare ba ta shafi addini ba.

Najasa, Ƙyama Da Cuta

Babbar hujjar masu nisantar bakin kare ita ce najasa. A nan mutane kan cakuɗa abubuwa uku waɗanda ya kamata a rarrabe. Najasa hukunci ce ta shari'a, ita ke hana salla idan tana jiki ko tufa. Ƙyama aba ce ta ɗabi'a da sabo. Cuta kuwa sanin likita ce. Abu yana iya zama mai tsarki a shari'a amma yana ɗauke da cuta, kamar guba. Yana kuma iya zama najasa amma taɓa shi ya zama aikin lada, kamar yadda uwa take wanke kashin jaririnta, da yadda mai jinya yake wanke jinin majinyaci.

Game da hukuncin miyau, hadisi ya inganta daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa idan kare ya sha a ƙwarya a wanke ta sau bakwai, a ruwayar Muslim kuma ɗaya daga cikin wankin da ƙasa. Shafi'iyya da Hambaliyya sun ɗauki wannan a matsayin dalilin cewa kare najasa ne mai kauri. Hanafiyya suka ce miyansa ne najasa. Mazhabar Imamu Malik kuwa, wadda a kanta mafi yawan mutanen ƙasar nan suke, ta tafi a kan cewa duk mai rai mai tsarki ne, shi da guminsa da hawayensa da miyansa, wankin nan bakwai kuwa bauta ce da bin umarni, kuma a wurin Khalil mustahabbi ne ga ƙwaryar ruwa. Hujjar Malik, kamar yadda ta zo a Mudawwana, tana komawa ga aya ta 4 a Suratul Ma'ida, inda Allah Ya halatta cin abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo wa masu su. Da baki kare yake kamu, miyansa kuma yana taɓa naman, ta yaya za a halatta naman sa'an nan a ce miyan najasa ne?

To ko da mutum ya bi ra'ayin da ya fi tsanani, abin da ya hau kansa wanki ne. Babu mazhabar da ta ce taɓa najasa don bukata zunubi ne, abin da aka hana shi ne yin salla da ita. Haka kuma kada wanda yake bin Malik ya ɗauka cewa tsarkin miyau a fiƙihu yana nufin ba shi da cuta. Yana da ita ƙwarai, za mu zo kanta. Abin da muke son tabbatarwa a nan shi ne, najasa ba ta zama uzurin sakaci ba. Mai yiwuwa ne abin da yake hana mu ƙyama ce kurum, muka lulluɓe ta da rigar tsoron Allah.

Abin Da Ke Faruwa A Cikin Bakin

Babban kare yana da haƙora 42, watau ya ɗara ɗan Adam da goma, shi da yake da 32. Kwikwiyo kan fara da 28, ya yi famfara, kafin ya cika wata bakwai manyan sun gama fitowa. Bayan kowane cin abinci wani yauƙi na ƙwayoyin cuta yakan kwanta a kan haƙori. Idan ba a goge shi ba, cikin 'yan kwanaki sai ya daskare ya zama kanta mai launin ƙasa a gindin haƙori. Daga nan dasashi ya yi ja, ya kumbura, ya riƙa jini, ƙwayoyin cutar su nutsa ƙasa su riƙa cin ƙashin da ke riƙe da haƙorin, har ya fara girgiza, ya yi mugunya, ya faɗi. Likitocin dabbobi sun tabbatar cewa mafi yawan karnukan da suka wuce shekara uku suna ɗauke da wani mataki na wannan ciwo, sun kuma ga alaƙa tsakanin tsananinsa da lalacewar zuciya da ƙoda da hanta. Abinci mai laushi da danƙo, irin sauran tuwo da ƙanzo, yana manne wa haƙori ya ƙara saurin abin. Karen farauta kuma yana da nasa ƙarin: haƙori yakan karye a kan ƙashi ko dutse, tsinke ko guntun ƙashi yakan gitta a saman bakinsa ya kwana da kwanaki yana ruɓar da nama.

Duk wanda ciwon haƙori ya taɓa hana shi barci ya san abin da ake nufi. Jijiyar da ke cikin haƙorin kare irin wadda ke cikin naka ce. Bambancin kawai kai kana iya faɗa, a nemo maka magani, shi kuwa ɗabi'arsa ce ya ɓoye ciwo, ya ci gaba da gadi da bin ka daji har ƙarfinsa ya ƙare.

Malik a Muwaɗɗa, da Bukhari da Muslim, sun ruwaito labarin mutumin da ƙishirwa ta kama a hanya, ya shiga rijiya ya sha, da ya fito ya ga kare yana lasar danshin ƙasa, ya tuna halin da shi kansa ya fito daga ciki, ya koma ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe shi da baki ya hawo ya shayar da karen, Allah Ya gafarta masa. Sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kyautata wa dabbobi, Manzon Allah ya tabbatar musu cewa akwai lada a kan kowane mai rai. Abin lura a labarin shi ne mutumin ya auna wahalar karen da tasa wahalar. A ɗaya gefen kuma ga hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Ba a ce ta doke ta ba. Tsare ta ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Watau barin abin da ya kamata a yi shi kansa laifi ne, idan dabbar tana ƙarƙashin hannunka. Karen da aka shayar a rijiya ma baƙo ne, ba na mutumin ba ne. Ina ga wanda ya kwana yana tsare maka rumbu shekara da shekaru?

Haƙƙin Maƙwabci

Bakin kare yana da wani haƙƙi na biyu wanda ya fi na farko nauyi, shi ne haƙƙin mutanen da ke kewaye da kai. A cikin miyan kare ne ƙwayar ciwon haukan kare take, tana shiga jikin mutum ta cizo, ko yakushi, ko lasar wurin da fata ta buɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. A ƙasa irin Kunci, inda gidaje suke kusa da juna, karnuka suna yawo daga wannan gida zuwa wancan, yara suna kai da kawowa tsakanin makarantar allo da kiwo da rijiya, karnukan farauta kuma suna cuɗanya da baƙin karnuka da dila a daji su dawo gida, kare ɗaya marar allura ya isa ya jefa unguwa cikin makoki.

Allah kuwa bai bar mu babu mafita ba. Tun a shekarar 1885 wani masani ɗan Faransa, Louis Pasteur, ya fara yi wa mutum allurar wannan ciwo aka dace. A ƙasarmu cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana sarrafa allurar rigakafin karnuka. Ana yi wa kwikwiyo idan ya kai wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, yaɗuwar cutar takan yanke. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara an keɓe ta a duniya don tunatarwa a kan wannan.

Shari'a ta hana cuta da cutarwa, wannan ƙa'ida ce mai tushe a hadisin Muwaɗɗa. Malaman Malikiyya sun ɗora biyan ɓarna a kan mai kare mai cizo idan an gargaɗe shi bai ɗauki mataki ba. To yaya wanda aka sanar da shi cewa akwai allura, ya ƙi kai karensa, har ya ciji ɗan maƙwabci? Kada ya ce ƙaddara ce ya wanke hannunsa. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda ya tambayi Manzon Allah game da raƙumarsa umartarsa aka yi ya ɗaure ta tukuna, sa'an nan ya dogara ga Allah.

A nan akwai gargaɗi wanda muke roƙon kowane mai karatu ya isar wa wanda bai karanta ba. Haukan kare iri biyu ne. Akwai mai fushi da cizo, wanda kowa ya sani. Akwai kuma na shiru, wanda muƙamuƙin kare yakan saki, bakinsa ya rataya a buɗe, miyau na dalala, ya kasa haɗiya, har mai shi ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa a wuya, ya zura hannu don ya ciro. Tausayi ne ya sa shi, amma ta nan cutar take kama shi. Duk karen da aka ga haka, ko halinsa ya sauya farat ɗaya, kada kowa ya taɓa bakinsa. A tsare shi, a kira malamin dabbobi. Wanda kuma kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai shi asibiti a ranar don allura, kada a tsaya ga shafe-shafe. Karen a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, amma ba a jiran cikar kwanakin kafin a fara yi wa mutum allura. Idan ta tabbata sai an kashe karen, shari'a ta yarda da kashe kare mai cutarwa, amma hadisin Shaddadu ɗan Ausi a cikin Muslim ya wajabta kyautatawa har a wajen kisa. Taron yara da duwatsu suna azabtar da dabba ba tarbiyyar Musulunci ba ce.

Yadda Ake Yi A Gida

Idan an gane wannan, aikin kansa ba shi da wuya. Da farko allura, domin ba a kai hannu bakin karen da ba a yi masa ita ba. Mai karen ne zai yi da kansa, babba ba yaro ba, hannunsa babu rauni, ya sa safar hannu ko ya lulluɓe hannun da leda mai tsabta. A fara tun yana kwikwiyo, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A 'yan kwanakin farko a saba masa da ɗaga leɓensa kawai, ba tare da buɗe bakin ba. Idan ya saba, a naɗe tsabtataccen ƙyalle a yatsa, ko a sami buroshi mai laushi wanda aka keɓe masa, a jiƙa da ruwa, a goge bayan haƙoran daidai inda suka haɗu da dasashi, musamman fiƙoƙi da manyan haƙoran sama na can ciki. Minti ɗaya ko biyu ya isa. Kullum ya fi, in bai samu ba sau uku a mako. Karen da ya yi gurnani a ƙyale shi, ba a yin wannan da ƙarfi.

Kada a sa masa man goge baki na mutane, domin kare ba ya tofarwa, haɗiyewa yake yi, a cikin man kuwa akwai sinadaran da ke cutar da shi, wani ma mai suna zailitol guba ne gare shi. Haka sabulu da toka da kanwa. Kada a ba shi dafaffen ƙashi, musamman na kaza, domin yana tsagewa ya soki baki ko hanji, ƙashin ƙafar sa kuma yana karya haƙori. Ma'aunin da likitoci kan bayar shi ne, abin da farcenka ba zai iya lotsa shi ba ya yi wa haƙorin kare tauri. A ware masa kaskonsa na abinci da na ruwa, a riƙa wanke su, kada ya sha a ƙwaryar mutane, wannan ya dace da hadisi, ya kuma dace da kiwon lafiya. Idan aka ji warin baki mai tsanani, ko aka ga jini, ko yana tauna da gefe ɗaya, ko abinci na faɗo masa, ko kumburi a ƙarƙashin ido, a kai shi asibitin dabbobi. Kantar da ta riga ta daskare ba ta fita da ƙyalle, likita ne yake kankare ta bayan ya sa dabbar barci. Kada a kankare da wuƙa, kada a cire haƙori da awartaki, kada kuma a karya wa kare fiƙa don yana cizo, wannan azabtarwa ce da naƙasa halitta, Manzon Allah kuwa ya la'anci mai yi wa dabba haka. Idan an gama a wanke hannu da sabulu, wanda yake bin mazhabar Shafi'i ya yi wankinsa bakwai.

Waɗansu Tambayoyi

Wani zai ce, talakan da bai iya saya wa 'ya'yansa buroshi ba shi za a ce ya goge wa kare baki? Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, domin shari'a ta umarci mutum ya fara da waɗanda ciyarwarsu take wuyansa. Wanda ya bar haƙoran 'ya'yansa suna ruɓewa, ya bar sunnar asawaki wadda Manzon Allah ya kusa wajabta ta a kowace salla, ya tafi yana hidimar bakin kare, ya juya tsari. Haka wanda yake kashe wa kare abin da zai ciyar da gida guda alhali maƙwabcinsa yana kwana da yunwa, ko yake kwana da kare a shimfiɗa yana sumbatarsa, ya ƙetare iyaka. Amma abin da muka bayyana ƙyalle ne da ruwa da minti biyu, ba ya rage wa yaro loma. Wanda kuwa ba zai iya ciyar da kare da yi masa allura ba, ba a tilasta masa riƙonsa ba, ya ba wanda zai iya.

Wani kuma zai ce, wa ke goge wa dila haƙora a daji? Amsa ita ce dila ba ya hannun kowa, ba za a tambayi kowa a kansa ba, yana cin nama da fata da jijiya, idan haƙoransa suka kasa ya mutu. Kare kuwa mu muka ɗaure shi, muka sauya masa abinci, muka sa shi aiki. Mai cewa kwaikwayon Turawa ne kuma ya sani cewa Musulmi sun rubuta littattafan likitancin dabbobi tun zamanin Abbasiyawa, littattafansu na farauta suna da babuka a kan cututtukan karnuka da magungunansu, Jahizu na Basra kuma ya yi dogon bayani a kan kare a littafinsa Kitabul Hayawan. Tausayin dabba gadonmu ne muka yar.

Abin da ya bayyana gare mu daga waɗannan dalilai shi ne matakai uku. Goge haƙoran kare kyautatawa ce mai lada, ba mu ce farilla ce ba. Nema masa magani idan ciwo ya bayyana haƙƙi ne a kan mai shi gwargwadon ikonsa. Yi masa allurar rigakafi kuwa, tun da ran ɗan Adam ne a ciki, babu uzurin barinsa ga wanda ya sani kuma ya sami hali. Allah Ya faɗa mana a aya ta 38 ta Suratul An'am cewa dabbobi al'ummomi ne kamarmu, a Suratul Kahfi kuma Ya ambaci karen samarin nan masu imani tare da su, yana kwance a bakin kogo. Bai kamata abin da Alƙur'ani ya lissafa mu mu ɗauke shi ba a bakin kome ba.

Muna kira ga limamanmu su taɓo wannan a wa'azinsu, dagatai da masu unguwanni da sarakunan baka na ƙasar Kunci da sauran ƙauyukanmu su haɗa kai da malaman dabbobi, a tara karnuka a yi musu allura tun kaka, kafin a fita farauta, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya sa mu cikin masu jin ƙai waɗanda Mai rahama zai ji ƙansu, Ya tsare mu da ɗaukar alhakin mai baki da marar baki, Ya kiyaye 'ya'yanmu daga miyagun cututtuka. Allah ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.